Gargaɗi Kan Mai Sayar da Jabun Na'urar Sauraron Waƙa

Ina sanar da duk mai neman ƙaramar na'urar sauraron waƙa cewa akwai wani mutum da ke tallata irin waɗannan na'urori a shafukan sada zumunta, yana cewa na hannu ne da aka shigo da su daga Turai, alhali kuwa macuci ne. Ya karɓi naira 215,000 daga hannuna, wato naira 185,000 kuɗin na'urar, da naira 25,000 kuɗin katin memori, da naira 5,000 kuɗin mota, ya aiko mini da abin da ko yaro ba zai karɓa kyauta ba.

Abin da nake nema ba mai wahala ba ne. Ina son na'urar da ba ta shiga intanet, ba ta karɓar kira ko saƙo, aikinta kawai ta kunna abin da na zuba mata a kati, amma kuma ta kasance tana da ƙarfin tuƙa hedifon ɗina, Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250 (om shi ne ma'aunin tirjiyar da hedifon ke yi wa lantarki, kuma mai om da yawa ya fi wuyar tuƙawa, wato ba shi isasshen ƙarfin da zai fitar da sauti sosai). Duk wanda ya san harkar ya san cewa irin wannan hedifon, da takwarorinsa kamar Sennheiser HD 600 mai om 300, an ƙera su ne don ɗakin naɗar sauti, kuma ƙarfin lantarki suke buƙata, ba irin ɗan abin da wayar hannu ke fitarwa ba. Tun da Apple ya daina ƙera iPod a 2022, kamfanoni irin su Sony da FiiO da Shanling da HiBy ne suka riƙe wannan kasuwa, kuma samfurin ɗaya daga cikinsu mutumin ya ce yana da shi. Kamfanin ba shi da laifi, sunansa kawai aka ara.

Masu cewa na yi gaggawa ba su san yadda maganar ta gudana ba. Kafin in faɗi komai game da kayana, shi ne ya fara tambayata a saƙon murya: "Yallaɓai, hedifon ɗinka om nawa ne?" Wannan tambaya ita ce ta kama ni, kuma har yanzu ina maimaita ta a raina. Ɗan damfara na yau da kullum ba ya tambayar om. Da na ce 250, sai ya yi mini bayanin da na riga na sani, cewa alƙaluman ƙarfin da ake rubutawa a talla yawanci a kan om 16 ko 32 ake auna su, kuma idan aka jona hedifon mai om 250 ƙarfin kan sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas na abin da aka auna a kan 32. Ya ce bolt ɗaya a kan om 250 miliwat huɗu kacal yake bayarwa, bolt biyu kuma miliwat 16, wanda lissafi ne daidai. Har ya hana ni sayen wata mai rahusa da ke hannunsa, ya ce ba za ta iya ba, kuma ba ya son in dawo ina zaginsa. Wane mai hankali ne zai ji haka ya yi zargin cuta?

Da kayan suka iso tasha, direba bai san komai ba, kwali ne a naɗe da salatif. Amma kafin nan, tun ban tura kuɗin ba, na nemi ya ɗauki bidiyon na'urar tana aiki tare da takarda mai ɗauke da sunana, kuma ya yi. Na ga allon, na ga tana kunna fayil ɗin FLAC, wato nau'in fayil ɗin sauti da ya fi MP3 inganci, na ga lambar da ke bayanta. Ko dai bayan na tura rabin kuɗin ne ya aiko da bidiyon, sai na duba saƙonnin, amma dai ya aiko kafin in cika sauran. Abin da ke cikin bidiyon na gaskiya ne, abin da ya sa a kwali kuma daban. Cewa ya yi, "Amana ce tsakanina da kai, yallaɓai, idan ba ta yi maka ba ka dawo da ita." Da wannan kalmar amana ya karɓi naira 215,000.

Na jona hedifon, na kai ƙarar sauti ƙarshe, sai ga tsofaffin waƙoƙin kalangu da nake ji tun ina yaro sun fito siriri, babu amon ganga, da wani huci a ƙasa duk lokacin da waƙa ta yi shiru. Fayilolin FLAC kuwa ko buɗewa ba ta yi, MP3 kaɗai take ganewa. Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya kwance ta a gabana. A ciki akwai ɗan allon lantarki da bai kai faɗin yatsu biyu ba, da batir ƙarami, babu guntun amfilifaya, wato abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ko kaɗan, sannan ga wani guntun ƙarfe da aka manna da gam a jikin murfin don a ji ta da nauyi a hannu. Mai gyaran ya ɗaga ƙarfen ya nuna mini, bai ce komai ba, ni kuma kunya ta hana ni kallon mutanen da ke shagon.

Katin ma jabu ne. An rubuta giga 256 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 256, domin ana iya shirya kati ya yi ƙaryar girmansa. Da na gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika kati da bayanai sannan ta karanta su, sai ya kasance bai wuce giga 30 ba, kuma duk abin da aka zuba bayan nan lalacewa yake yi. Naira 25,000 ke nan a kan wannan kaɗai.

Na kira shi a ranar, ya ce wai yaronsa ne ya musanya kwali, zai gyara. A'a, wannan washegari ne. A ranar cewa ya yi hedifon ɗina ne ke da matsala, mutumin da ya fara tambayata om nawa ne. Daga baya ya toshe lambata, ya sauya sunan shafinsa, amma hotunan tallar suna nan yadda suke. Na kai ƙorafi banki, kuma duk rasit ɗin tura kuɗi da saƙonnin murya da bidiyon da hoton cikin na'urar suna hannuna, zan fitar da su da zarar na gama rufe lambobin asusun da ke jiki.

Kada ku biya kafin ku jona hedifon ɗinku da hannunku. Bidiyo ba hujja ba ne. Ku je da fayil ɗin FLAC a katinku, ku duba lambar tantancewa ta kwali a shafin kamfanin idan akwai, kuma ku gwada duk katin memori kafin ku zuba masa komai.