Roba mai kunnuwa huɗu ko 'yar kwalbar maganaɗisu: wadda zan ce ka ɓoye

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wadda za ka saya, to tsakanin roba mai kunnuwa huɗu na kulle murfi da 'yar kwalbar nan mai maganaɗisu da ake kira nano, robar za ka saya don ɓoyonka na farko a jiyokashin, wato wasan da ake ɓoye akwati a wani wuri, wasu su nemo shi da GPS su sa hannu a littafin da ke ciki. Na riƙe dukansu biyu, amma ɗaya ce kawai har gobe nake ɗokin zuwa dubawa.

Tawa mai cin lita ɗaya ce, garai-garai take, ana hango abin da ke ciki tun kafin a buɗe, kuma akwai zoben danƙo zagaye da cikin murfinta. A kogon wata tsohuwar bishiya na ajiye ta, gefen wata hanyar ƙafa, bayan mai wurin ya amince mini. Shekara huɗu ke nan. Akwai lokacin da aka kwana uku ana sheƙa ruwa ba ƙaƙƙautawa, na tafi da sabon littafi a aljihu don na riga na fid da rai da na ciki. Na zura hannu na jawo ta, duk jikinta laka, har da ganye ya manne a murfin. Na ɓalle kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, sai ga littafin sa hannu a bushe ƙayau, fensir na kwance inda aka bar shi. A shafin ƙarshe wani yaro ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a karkace, sun cinye rabin shafi, mahaifinsa ya sa hannu a ƙasa da kwanan wata. Sun ɗauki maƙalin makulli, sun bar wata 'yar motar wasa ja. Na daɗe a tsugune ina juya motar nan a hannuna. Abin da ya sa nake ɓoye akwati ke nan, kuma ba za ka taɓa samunsa a cikin abin da bai wuce kan ɗan yatsa ba.

Nano kuwa, guda biyar na saya a tashi ɗaya, na kuma yi da-na-sani. Takardarta siririya ce a nannaɗe, sai da hantsaki take fita, ba ta ɗaukar fiye da harafi biyu ko uku na suna, kuma da zarar zoben bakinta ya tsufa sai laima ta mayar da ita dunƙule. Amfaninta ɗaya ne: tsakiyar gari, jikin shingen ƙarfe ko ƙarƙashin benci, inda roba ba ta da maɓoya. In wurinka ba irin wannan ba ne, ƙyale ta.

Girman ma yana shiga shafin da za ka cike a Geocaching.com, dandalin da ake yi wa akwatunan rajista. Duk abin da bai kai mililita 100 ba a rukunin mafi ƙanƙanta yake, daga nan zuwa lita ɗaya ƙarami, daga lita ɗaya zuwa 20 matsakaici, abin da ya haura haka babba. Ka zaɓi na gaskiya, domin masu tafiya da yara suna duba wannan kafin su fito, haka ma mai riƙe da Travel Bug yana neman inda zai sauke ta. Ita wannan aba mai lamba a jiki ba kayan musaya ba ce, matafiya ce, mai ita ya sake ta ne don ta yi yawo daga akwati zuwa akwati. Wanda ya ɗauka sai ya rubuta a shafinta cewa tana hannunsa, ya kai ta gaba cikin kamar mako biyu, kuma kada lambar ta fito a hoton da zai ɗora. Robarka za ta zame musu zango. Nano ba ta da wurin baƙo.

Da akwatin kaya aka fara wasan tun asali. A farkon Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula, sai wani mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti ranar 3 ga wata, ya zuba littattafai da kaset ɗin bidiyo da littafin sa hannu, ya ɓoye a kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya ce wanda ya samu ya ɗauki wani abu ya bar wani abu. Sai dai abu biyu da ya yi a ranar yanzu ba za su wuce ba: ya ɗan binne bokitin, ya kuma sa gwangwanin wake a ciki. Yau a ƙa'ida ba a tona rami, ba a kuma sa abin ci. Ni har sabulu da duk abin da ke da ƙamshi nake cirewa idan na tarar, don ɓera ba ya bambancewa, zai gaigaye gefen robar ya shiga. Wuƙa, ashana, magani, duk waje, tunda yara na buɗewa. Musaya kuma daidai wa daida ko fiye. Wanda ya ɗauki abu mai kyau ya bar murfin kwalba ya cuci na bayansa.

Tunda roba ta fi nano girma, ta fi ta jan ido, kuma a nan ne za ka yi aiki. Rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro cewa akwatin jiyokashin ce, ka sa 'yar takardar bayani a ciki don wanda ya ci karo da ita bai san wasan ba. Shi ya sa na fi son mai garai-garai: wanda ya hango fensir da kayan wasa ba zai firgita ya kira jami'an tsaro ba. In za ka shafa mata fenti don ta saje da wurin, bar wani gefe a buɗe. Nisanci layin dogo, makarantu, filayen jirgin sama da wuraren soja. Kada ka kafa ƙusa a bishiya. Inuwa za ka nema mata, rana na busar da roba har kunnuwan su fara karyewa.

Kafin ka ƙwallafa rai a kan wani wuri, auna tazara. Dole ya kasance akwai aƙalla mita 161 tsakaninka da duk wani akwatin da ke ɓoye, kuma wasu ba za ka gan su a taswira ba, kamar matakin ƙarshe na akwatunan da sai an warware wasa ƙwaƙwalwa kafin a san wurinsu, don haka in mai tantancewa, wato wanda ke duba shafinka kafin a wallafa shi, ya ce ka matsa, matsa kawai. Ɗan sa-kai ne, ba ya zuwa wurin da ƙafarsa, da abin da ka rubuta masa yake aiki, saboda haka gaya masa gaskiyar yadda ka ɓoye da wanda ya ba ka izini. Lambobin GPS na wurin kuma kada ka ɗauka sau ɗaya ka tafi. Tsaya na ɗan lokaci su natsu, ka yi nisa ka dawo ka sake ɗauka, gobe ma ka sake, musamman a ƙarƙashin bishiyoyi inda siginar ke yawo. Ka sa a ranka akwatin zai zauna aƙalla wata uku, kuma kai ne mai kula da shi. Shi ya sa ba a karɓar wanda aka jefar a wurin da mutum ya je hutu, sai da tsarin wanda zai riƙa dubawa. Idan mutum biyu ko uku a jere suka rubuta ba su samu ba, tashi ka je. Kai ma in ka nema ka rasa, rubuta hakan, ba abin kunya ba ne, da shi mai akwati ke gane an ɗauke.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka: yi hattara da masu sayarwa. Akwai robar da za ka ga kunnuwa huɗu cif, an rubuta ruwa ba ya shiga, amma in ka kifa murfin ka sa farce sai ka tarar babu danƙo, layi ne kawai aka zana da launi. An taɓa sayar mini da irinta, hoton daban, abin da ya iso daban, kuma wata biyu bai cika ba littafin ya yi fumfuna. Wasu kuma kunnuwan na yin fari a gaɓa tun lanƙwasawa ta goma, alamar sun kusa ɓallewa. Gwajin ba wuya: sa busasshiyar takarda a ciki, rufe, nutsa ta a bokitin ruwa ka danne da dutse ta kwana. In ka tarar da ko ɗigo da safe, mayar musu. Haka in za ka sayi Travel Bug daga hannun wani, tabbatar ba a riga an yi mata rajista da sunan wani ba, in an yi ba taka ba ce ko da ka biya.

Saya robar guda biyu iri ɗaya, ɗaya a wurin, ɗaya a jakarka, ranar da ta farko ta tsage sai ka musanya nan take. Littafin sa hannu ya shiga 'yar leda mai zif, fensir biyu a gefensa, domin biro na bushewa. Masu shafin suna ba da shawarar mutum ya samo aƙalla 20 kafin ya ɓoye nasa, to in ba ka kai ba, cika su tukuna, kuma duk wanda ka buɗe ka kifa murfin ka duba wane iri ne ya bar takarda a bushe.