Gidan Tarihin Gwanayen Ƙwallon Ƙafar Amurka da ke Canton: Abin da Maziyarci Zai Tarar

Mai neman gidan da aka keɓe domin tunawa da gwanayen ƙwallon ƙafar Amurka, wato wasan da ake gudu da ƙwallo a hannu ana gwabzawa, zai iya zaton a New York ko Chicago zai same shi, amma yana Canton ne, wani matsakaicin gari a jihar Ohio, tafiyar kamar awa guda a mota kudu da Cleveland. Ba banza aka zaɓi garin ba. A nan ne, ranar 17 ga Satumba, 1920, masu ƙungiyoyi suka taru a shagon sayar da motoci na Ralph Hay, mai ƙungiyar Canton Bulldogs, suka kafa gasar da aka sauya wa suna zuwa NFL a 1922. An buɗe gidan, wanda ake kira Pro Football Hall of Fame, ranar 7 ga Satumba, 1963, da mutum 17 da aka fara karramawa. A ganina wuri ne da ya cancanci ziyara, sai dai gwargwadon sanin da mutum ya shigo da shi, gwargwadon abin da zai fita da shi.

Daga cikin abubuwan da suka fi ɗaukar ido akwai mutum-mutumin tagulla na Jim Thorpe, rungume da ƙwallo kamar zai kutsa cikin mutane. Thorpe ɗan asalin ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka ne, ya ci lambobin zinariya biyu a wasannin Olamfik na 1912 a Stockholm, ya buga wa Bulldogs wasa, kuma shi aka naɗa shugaban gasar na farko domin sunansa ya jawo 'yan kallo. Sashen da ke ba da labarin farkon wasan shi ne ya fi kwanta mini a rai, saboda kayan da ke cikinsa ƙanana ne, ba su da ƙyalƙyali, amma suna faɗar gaskiyar zamaninsu. Akwai hulunan fata masu laushi, waɗanda ba su da ko ƙarfen kare fuska, ga ɗinkinsu a fili, ga kunnuwansu sun lanƙwashe don tsufa. Wanda ya dube su da kyau, ya tuna cewa da su ƙarti suke gwabza kai da kai, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan irin wuyar da 'yan wasan farko suka sha. Akwai kuma takardar lissafin kuɗi ta ƙungiyar Allegheny da ke Pittsburgh, wadda ta nuna an biya William Heffelfinger dala 500 domin wasa ɗaya tak a ranar 12 ga Nuwamba, 1892. Wannan ita ce shaida mafi tsufa da aka samu cewa an biya mutum kuɗi domin ya buga wannan wasa, kuma daga wannan layi guda na rubutun hannu sana'ar ta faro.

Wasannin da suka yi suna, nan ne gidan yake dogara da hotunan bidiyo da kayan 'yan wasa, kuma nan ne wanda bai san dokokin wasan ba zai iya wucewa bai fahimci abin da ya gani ba. Shawarata ita ce mutum ya karanta labarin wasu daga cikinsu kafin ya je. Wasan ƙarshe na 28 ga Disamba, 1958, tsakanin Baltimore Colts da New York Giants, shi ne wasan cin kofi na farko da aka raba gardamarsa a ƙarin lokaci, inda Johnny Unitas ya jagoranci Colts har Alan Ameche ya kutsa da ƙwallo aka tashi 23 da 17. Muhimmancinsa ya wuce sakamakon, domin miliyoyin mutane sun kalle shi a talabijin, kuma daga lokacin ne wasan ƙwararru ya kama hanyar zama abin da Amurkawa suka fi kallo. Sai wasan ranar 31 ga Disamba, 1967, a Green Bay, wanda aka buga cikin sanyin da ya kai kimanin digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, har usur ya manne wa alƙalin wasa a leɓe, aka koma tsayar da wasa da murya. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, Bart Starr ya bi bayan Jerry Kramer ya faɗa da ƙwallo, ƙungiyarsu ta Green Bay Packers ta doke Dallas Cowboys 21 da 17.

Sashen Super Bowl, wato wasan ƙarshe na fitar da zakaran shekara, wanda aka sa wa sunan Lamar Hunt, mutumin da ya kafa ƙungiyar Kansas City Chiefs, shi ne ya fi jan yara da masu ɗaukar hoto, saboda zobban zakaru da kofin Lombardi da ake ba wanda ya ci wasan. Yana da kyau, kuma yana tuna wa mutum yadda Joe Namath, ɗan wasan New York Jets, ya yi alkawarin nasara kafin wasan Janairun 1969, sannan Jets ɗin suka cika masa alkawarin da ci 16 da 7 a kan Colts, amma ban ga dalilin da zai sa a daɗe a wurin ba.

Inda ya kamata a daɗe shi ne zauren mutum-mutumin. Ɗaki ne mai ƙarancin haske, an jera kawunan tagulla na duk waɗanda aka karrama, kowanne da sunansa, kuma an bi shekarar da aka shigar da mutum ne wajen jerin, ba a bi ƙungiya ko matsayin da ya buga ba. Da farko wannan tsari yana wahalar da mai neman gwaninsa, amma ina ganin shi ne mafi amfanin abin da gidan ya yi, domin yana bayyana wanda aka yi hanzarin girmamawa da wanda aka bari yana jira. Ƙa'ida ita ce ɗan wasa ya yi shekara biyar da ritaya kafin a duba sunansa. Jim Brown, wanda ya buga wa Cleveland Browns daga 1957 zuwa 1965, ya fi kowa gudu da ƙwallo a kaka takwas cikin tara, ya tara yadi 12,312 sannan ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30, an shigar da shi a 1971 babu jinkiri. Haka Jerry Rice, mai yadi 22,895 na cafe ƙwallo, da Emmitt Smith, mai yadi 18,355 na gudu, sun shiga tare a 2010. Waɗannan ba a yi gardama a kansu ba. Amma Jerry Kramer, wanda ya buɗe wa Starr hanya a wancan wasan sanyi, sai a 2018 ya samu shiga, yana dattijo da ya haura tamanin.

Jiran da ya fi ciwo shi ne na Fritz Pollard. Baƙar fata ne, yana cikin ƙungiyar Akron da ta ɗauki kofin farko a 1920, kuma a 1921 ya zama baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a gasar. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya da ya taka fili a NFL, ba don an rubuta doka ba, sai don masu ƙungiyoyi sun rufe ƙofa sun yi shiru. Sai a 1946 Kenny Washington da Woody Strode suka shiga Los Angeles Rams, yayin da Bill Willis da Marion Motley, wanda a Canton ɗin ya tashi, suka shiga Browns, wadda a lokacin take buga wata gasa daban. Pollard ya rasu a 1986, ba a karrama shi ba sai a 2005. George Preston Marshall kuwa, mai ƙungiyar Washington da ta ƙi ɗaukar baƙar fata har 1962, yana cikin mutum 17 na farko. Wanda ya tsaya gaban kan Marshall a farkon zauren, sannan ya taka har ya isa wurin Pollard, ya auna shekara 42 da ƙafarsa, kuma babu allon bayanin da zai koya masa wannan darasi fiye da tafiyar.

Ya kamata kuma maziyarci ya riƙe a ransa cewa gidan yabo ne, kuma tagulla ba ta nuna abin da wasa ya yi wa jiki. Mike Webster na Pittsburgh Steelers, wanda ya ci Super Bowl sau huɗu, an karrama shi a 1997, ya rasu a 2002 yana da shekara 50 bayan ya daɗe yana fama da ruɗewar tunani. A ƙwaƙwalwarsa ne Dakta Bennet Omalu ya gano cutar da ake kira CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai. Fuskar Webster tana cikin zauren kamar ta kowa, kuma wanda ya san ƙarshensa zai dubi waɗancan hulunan fata, da ma hulunan kwanon zamani da suka gaje su, da wani ido daban.

Game da lokacin zuwa, a watan Agusta ake bikin shigar da sababbin gwanaye, ana sanya musu kwat mai ruwan zinariya, ana kuma buga wasan share fage a filin Tom Benson da ke maƙwabtaka da gidan. Mai son ganin tsofaffin 'yan wasa ido da ido, lokacinsa ke nan, sai dai ya yi haƙuri da cunkoso, ya kuma kama masauki tun da wuri. Mai son ya karanta kowane allo a natse, gara ya zaɓi ranar aiki a wani watan, ya ware aƙalla rabin yini, mafi yawansa a sashen farkon wasan da zauren tagulla.