Taron Maguzawan Turawa: na otal, na daji ko na wuni ɗaya, wanne ya fi?

Wata ƙanwata da ke karatun addinai a nan Amurka ta tambaye ni wane taron maguzawa za ta je don aikin da malaminta ya ba ta, sai na ce bari in rubuta kowa ya amfana tunda na leƙa nasu ba sau ɗaya ba. Na ce maguzawa ne don ita ce kalmar da ta fi kusa, amma fa ba irin namu na ƙauyukan Kano da Katsina ba ne da suka gaji abin kaka da kakanni, waɗannan yawancinsu da girmansu suka shiga, wasu 'yan Wicca ne wadda Gerald Gardner ya fito da ita fili a Ingila a shekarun 1950, wasu Druid masu koyi da limaman gargajiyar Birtaniya ta dā, wasu kuma masu bautar Odin da Thor, gumakan mutanen arewacin Turai na dā.

Toh iri uku ne. Na farko na otal. Babbansu da can PantheaCon ne a San Jose, amma an rufe shi tun 2020, kar ki ga tsohon talla ki ruɗe. Wanda ni na fi sani Paganicon ne, ana yinsa a watan Maris a yankin Minneapolis tun 2011, Juma'a zuwa Lahadi, kuma garin da kewayensa saboda yawansu har laƙabin Paganistan suke masa. Akwai ConVocation a Michigan cikin Fabrairu, ga Mystic South a Atlanta a Yuli in ba kya son sanyi, don wlh sanyin Minnesota ko a Maris ba wasa ba ne.

In dai ajujuwan bita kika je nema, na otal ya fi, ba ma a haɗa. Ana ba ki jadawali tun kafin ranar, kowane aji da ɗakinsa da kujeru da lasifika, kina ji kina rubutu, wannan yana koyar da duba da katin tarot, wancan haruffan rune, wani tarihin gumakan Girka, wata kuma ganyayyakin magani. Matsalarsa ɗaya, aji huɗu ko biyar a sa'a guda, dole ki zaɓa, kuma wanda kike so ɗin shi ne zai cika tun kafin ki iso. Ni na taɓa tsayawa shan shayi na minti goma na dawo na tarar an rufe ƙofa, domin in ibada ce suke yi da zarar sun zana da'irarsu ba shiga ba fita sai an gama. Sannan a yi lissafi da kyau, tikiti ba shi ne tsadar ba, kuɗin ɗaki na kwana biyu ko uku da abincin otal su ne ke cinye aljihu, shi ya sa ake yin rajista da wuri a samu rangwame, a kuma haɗu mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya. Ga ɗakin 'yan kasuwa kuma, littattafai, duwatsu, turaren wuta, in ba ki ɗaure jaka ba sai dai ki koma gida da kuɗin mota kawai.

Na biyu na daji, wato zango da tanti. Pagan Spirit Gathering na ƙungiyar Circle Sanctuary da Selena Fox ta kafa, tun 1980 ake yi, mako guda cur a watan Yuni daidai lokacin da rana ta fi tsawo. Starwood kuma a Ohio cikin Yuli, an san shi da ƙatuwar wutar da suke hurawa da kiɗan ganga har asuba, ganguna in suka ɗau zafi sai ki tuna kiɗan bori, ko da yake ba garaya. A nan ne za ki ga yadda suke rayuwa da junansu, wanda otal ba zai nuna miki ba. Amma bitar a ƙarƙashin rumfa ake yi, ga zafi ga sauro ga ruwan sama, a 2015 ma ambaliya ce ta tashi taron Pagan Spirit Gathering a Illinois. Sai kin sayi tanti da abin kwanciya in ba ki da su, arhar da kike zaton za ki samu ta tafi kenan. Kuma in gaya miki gaskiya tun yanzu, a Starwood sa tufafi ba dole ba ne, wanda ya ga dama ya yi yawonsa haka nan, ga giyar zuma tana yawo hannu-hannu. Ni dai ban ba 'yar gidanmu shawarar ta fara da wannan ba.

Na uku na wuni ɗaya, Pagan Pride Day, garuruwa da yawa na yi wajajen Satumba a filin shaƙatawa, shiga kyauta, sai dai ki riƙo abincin gwangwani na sadaka. Bitar gajeru ce, ta 'yan koyo. Wanda ke Ingila kuma kar ya ɗauka zuwa Stonehenge, da'irar tsoffin manyan duwatsun nan, daren 20 ga Yuni zai wadatar, shiga kyauta ne amma cunkoso ne kawai da jiran fitowar rana, ba mai koya maka komai.

Ke da aikin makaranta ya kai ki, ki fara da na wuni ɗaya ki ga ko za ki iya, sannan ki tara kuɗin Paganicon. Kallo ba ya hana ki ce ba za ki shiga ibada ba, ba mai tilasta ki, ni sallata nake haurawa ɗaki in yi in dawo. Hoto ne kawai kar ki kuskura ki ɗauka ba izini, da yawansu a wurin aiki ba a san addininsu ba, wasu ma ba da sunansu na gaskiya suke zuwa ba.