Eriyar tsaga ta 9.41 GHz: mai toshiya ko mai lodi?

Injiniya, ka tambaya wacce eriyar tsaga za ka yi, wato bututun ƙarfe mai jerin tsagogi da ke fitar da igiyar rediyo: mai toshiya, wadda ake rufe ƙarshenta da farantin ƙarfe, ko mai lodi, wadda ake sa wa abin shanye ragowar wuta a ƙarshe. Tunda tsaga 16 kacal za ka yi a bututun igiyar rediyo samfurin WR-90, yi mai toshiya kawai.

Cikin bututun faɗinsa milimita 22.86 ne, tsayinsa 10.16. A 9.41 GHz tsawon zangon igiyar a cikinsa kusan milimita 44.4 ne, saboda haka tsakanin tsakiyar tsaga da ta gaba ka bar 22.2, wannan a hagun layin tsakiyar bango mai faɗi, mai bi mata a dama. Farantin toshiya kuma ya zauna milimita 11.1 daga tsakiyar tsagar ƙarshe. Tsawon kowace tsaga wajen milimita 15 zuwa 16. Daɗin wannan tsari shi ne duk tsagogin suna harbi lokaci guda, hasken eriyar, wato igiyar da take harbawa, ya fita miƙe sambal, kuma babu wutar da za ta ƙone a banza.

Gwaninta tana wajen nisan tsaga daga layin tsakiya. Wadda ta fi nisa ta fi jan wuta, wadda ke kan layin daidai ba ta harbin komai. Sai ka nisanta na tsakiyar jeri, ka matso da na bakin jeri kusa da layi, shi ke danne ƙananan haskokin gefe. Lissafin jan wutar tsaga da masani Stevenson ya fitar a 1948 zai ba ka mafari, amma bai kula da yadda tsagogi ke shafar juna ba, don haka ka gyara da hanyar lissafi ta masani Elliott ko manhajar kwaikwayon eriya irin HFSS kafin ƙarfe ya hau inji. Kada ka yanka da hannu. Kuskuren milimita 0.2 a tsawon tsaga ya isa ya gusar da eriyar daga 9.41 GHz ɗin da ka nufa. Ka kuma goge kaifin da yanka ya bari a ciki.

Aibin mai toshiya ɗaya: iya tsagogi, iya ƙuncin zangon da take karɓa. Amma 16 ba su kai abin damuwa ba.

Mai lodi kuwa, to, tana da ranarta. Ita ce a dogayen eriyoyin radar jiragen ruwa, don tana jure sauyin zango. Sai dai lodin ƙarshe yana shanye wani kaso na wutar ya mai da shi zafi, hasken yana karkata, kuma karkatar tana motsi in zango ya motsa. A gajeren jeri wahala ce ba riba.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa. Akwai masu miƙo WR-75, samfurin da bai kai shi faɗi ba, ko bututun alminiyon na taga su ce WR-90 ne. Tafi da ma'aunin baniya (vernier caliper) ka auna cikinsa da kanka, WR-75 zai nuna 19.05. Haska tocila ka duba lotsawa da tsatsa. In kuma haɗaɗɗiyar eriya za a sayar maka, ka ce a jona ta da na'urar gwajin eriya ta VNA a gabanka, kada ka yarda da lambar da aka buga a kwali.