Masar, Habasha, Roma ko Baitalami: ina za a kai iyali ganin tsofaffin majami'u?

Bayan sujadar Lahadi a Zuru wani ɗan'uwa ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce ya ɗan tara kuɗi, yana so ya kai Mama da uwargida da yara uku su ga majami'un da muke jin labarinsu tun muna ƙanana. Na ce masa kafin a duba taswira, a fara duba gwiwar Mama, sannan aljihu.

Da ido ne kaɗai zai zaɓa, Lalibela ta Habasha ba ta da na biyu. Majami'u 11 ne da ba a ɗora tubali ko ɗaya ba, dutse aka sassaƙa zuwa ƙasa wajen ƙarni na 12 da na 13. Ɗaya daga cikinsu, Bete Giyorgis mai siffar gicciye, kana tsaye a bakin rami kake leƙa rufinta. Sai dai garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,500, tsoho kan yi haki, matakalun kuma sun sha tafin ƙafa har sun yi santsi. Kowace ƙofa sai an tuɓe takalmi. Daga Addis Ababa sai an sake hawa wani jirgin, ga yankin Amhara bai zauna lafiya ba tun 2023. Wannan tafiyar masu jini a jika ce.

Roma kuwa ba a biyan ko sisi a shiga Majami'ar Bitrus, wadda aka fara ginawa a 1506 aka keɓe ta a 1626. Wahalar tana gida: bizar Schengen ta shiga Turai. Mutum shida, kowa da takardunsa da inshorarsa, in aka hana ku kuɗin sun tafi ke nan. Dokar rufe kafaɗa da gwiwa dai ba za ta dami matanmu ba, zane da gyale sun wadatar.

Baitalami da Urushalima su ne burin kowa. Majami'ar Haihuwar Yesu ta samo asali tun zamanin Sarki Konstantin a ƙarni na 4, ƙofarta gajeriya ce, babba sai ya sunkuya. Amma tafiya ce ta ayari, ta hannun hukumar NCPC mai kula da ziyarar ibada ta Kiristocin Najeriya ko cocinku, kuma lokaci ba a hannunka yake ba, yanayin tsaron yankin ke yanke shi.

Ni dai Alƙahira na nuna masa. Jirgin EgyptAir yana tashi daga Kano kai tsaye, ba sauka a wata ƙasa da yara suna kuka. A tsohuwar unguwar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, dab da tashar jirgin ƙasa ta Mar Girgis, majami'un suna kusa da juna, da ƙafa ake zagaya su kafin rana ta take. Akwai Mu'allaƙa, wadda aka gina a kan ƙofar tsohuwar ganuwar Rumawa. Ita ce mai matakala, amma da hutu ɗaya Mama za ta hau. Ga Abu Sarga, inda Kibɗawa suka yi imani Yusufu da Maryamu sun fake da jariri Yesu lokacin da suka guje wa Hirudus. Yaran da suka haddace wannan labari a makarantar Lahadi za su ga kogon da idonsu. Masallacin Amr ɗan Asi, na farko a Masar, yana nan kusa, abin ba maƙwabta labari in an dawo. Dalar Giza kuma ta ishi yara yini guda.

Kada a je tsakanin Yuni da Agusta, lokacin ne zafi ya fi tsanani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, a riƙe rigar sanyi. A tabbata kowa yana da katin rigakafin shawara, fasfo kuma ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare, har na autan.