Mai fentin da ya ƙi karɓar aiki a Jamus

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Dattijon da nake haya a gidansa, a wani ƙauye kusa da Stuttgart, tsohon ma'aikacin kamfanin mota ne da ya yi ritaya, kuma ba shi da hira sai ta tsofaffin motocinsa guda huɗu. Bara ya ƙuduri gyara garejin da yake ajiye su, ni kuma nakan kama masa ɗauke-ɗauke ranar Asabar saboda maƙwabtaka. A wajen wannan aiki na ga abin da har yau nake juya shi a raina.

An fasa tsohon daɓen da ya sha baƙin mai ya tsattsage, aka zuba sabon siminti. Saura a shafa masa wani fenti mai kauri da ƙyalli da ake kira efoksi, wanda mai ba ya ratsa shi. Tun watanni kafin nan aka sa rana da mai wannan sana'a, kuma ya iso daidai lokacin da aka yi da shi. Maimakon ya sauke kaya, sai ya durƙusa a wani lungu da guduma da kurfi, ya ɓanɓaro ɗan guntun daɓen, ya daka shi ya zama gari, ya auna a ƙaramin sikeli. Ya zuba garin a wata kwalbar ƙarfe tare da 'yan ƙwallayen ƙarfe da sinadarin kabayid, irin wanda masu walda ke amfani da shi. Ya toshe, ya yi ta girgizawa yana kallon allurar da ke kan murfin. Idan akwai ruwa a simintin, kabayid zai haɗu da shi ya fitar da iska, allura ta hau. Ai kuwa ta hau. Ya ce iyakarsa kashi 4 cikin 100, namu ya zarce, don haka yau ba aiki.

A ido daɓen nan ya bushe ƙarau, har ƙura yake yi. Dattijo ya shiga roƙo: motocinsa suna wata rumfa da yake biyan haya duk wata, ga hunturu ya matso. Ni ma na sa baki irin namu, na ce a taimaka a shafa a haka, ai Allah zai kiyaye. Mutumin ya dube ni kamar na ce ya je ya yi sata. Ya ce in ya rufe wannan laima a ƙarƙashin fenti, za ta taso ta kumbura shi ya ɓaɓɓare, kuma dokar ƙasar ta ɗora masa alhakin aikin gini har shekara biyar. Ya ce a kunna na'urar tsotse laima, a kira shi bayan wasu makonni. Ya ja motarsa ya tafi, ya bar kuɗi a ƙasa.

Na daɗe a tsaye. Na tuna wa ya taɓa ce mini a'a a wajen aikin gini a gida, ban samu ba. Amsar kullum ita ce ba matsala, Alhaji. A yi filasta yau, jibi a buga fenti, damina ɗaya bango ya fara tuɓe riga. A manna tayil a kan daɓen da bai huta ba, wata rana cikin dare ka ji ya fashe. In ka nemi mai aikin, ko dai lambar ba ta shiga, ko ya ce simintin yanzu ne ba shi da kyau. Amma kada mu tattara laifin a kansu kawai. Mu masu gida mu ne ke tsaya musu a ka, wai ranar Juma'a za a kawo amarya, dole ɗaki ya zama a shirye. Wanda ya ce a jira, sai mu ce bai iya ba ko yana neman ƙarin kuɗi, mu kira na kusa da shi.

To kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Bayan kwanaki sai ga takardar kuɗi a akwatin wasiƙa: kuɗin zuwa daban, kuɗin awo daban, harajin kashi 19 cikin 100 a sama. An biya mutum don ya zo ya ce ba zai yi ba. Mai haɗa wuta kuwa sai da muka manta da shi kafin ranarsa ta zo. Na ce akwai wani ɗan uwanmu Bagana da ya iya, zai gama a yini ɗaya. Dattijo ya ce ko kusa, sai wanda ke da rajista da kamfanin rarraba wuta, in ba haka ba ranar da gobara ta tashi shi da inshora za a sha fama. Masu rajistar nan shekara uku da rabi suke koyon sana'a kafin a ba su takarda, shi ya sa suke jan aji, kai ne ke bin su.

Sai dokoki. Ranar Lahadi ba a kunna injin huda bango, kuma maƙwabcin da kuke gaisawa kullum shi zai fara ƙwanƙwasa ƙofa. Wanke mota da sabulu a ƙofar gida laifi ne a garuruwa da yawa saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa. Baƙin mai ba a tuttular da shi a kwata, shagon da ya sayar maka da sabo wajibi ne ya karɓi tsohon kyauta. Fetur kuwa a ƙaramin gareji ba a ajiye fiye da lita 20. Da na ji wannan sai na tuna jarkokin da ke bayan ƙofar gidanmu lokacin wahalar mai, kusa da inda yara ke kwana, na yi shiru.

Abin da ya fi ci mini rai a duk aikin nan, ba wanda ya tsaya a ci abinci tare. Kowa ya zauna a motarsa ya buɗe burodinsa, ya duba agogo, ya koma. Ba sannu da aiki, ba zolaya, ba yaron da za a aika ya sayo ƙosai. Na yi kewar bakanikena na Kaduna, wanda zai kara kunne a jikin inji ya faɗa maka ciwonsa, in kuɗinka bai kai ba ya ce kawo abin da ya samu. Mutanen Panteka da na Ƙofar Ruwa, in ana maganar basirar hannu, ba na jin Bajamushe ya fi su. Abin da ba su da shi shi ne wannan kwalba, da takardar da za ta kama su, da mai gidan da zai jira.

Da aka gama, aka dawo da motoci. Marsandi biyu ne, ɗaya irin ta alhazan da wadda aka ƙera tsakanin 1976 da 1986, sai Bosuwaja ɗaya. Kowace da ƙaramar cajar da ke riƙe mata batir, ga na'urar laima tana aiki dare da rana, domin babban abokin gabarsu tsatsa ce, musamman da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Lambar kowace ta ƙare da harafin H. Tun 1997 gwamnati ke ba da ita ga motar da ta kai shekara 30 kuma tana nan a kamanninta na asali, harajinta kuɗi ɗaya ne a shekara, Yuro 191 da 'yan canji.

Da ya yaye mayafin ta huɗu sai na ji ƙirjina ya buga. Fijo 504 ce, fara, kujerunta ko ɗigon tabo babu. Motar da aka fara haɗa irinta a Kaduna tun 1975, motar gwamnoni da manyan sakatarori, wadda daga baya ta koma tasha tana ɗaukar mutum biyu a gaba, buhuna a but har sai gindinta ya kusa taɓa ƙasa. Na ce masa a garinmu aka riƙa haɗa ta shekara da shekaru. Ya ce to lallai kuna da su da yawa masu kyau a ajiye. Na rasa bakin amsa. Busasshiyar iskar da yake biyan kuɗin wuta don ya samu, mu Allah ya ba mu ita kyauta wata da watanni, amma mun tuƙa motocin nan har suka mutu a tsaye, muka auna wa 'yan gwangwan a kilo, muka koma jiran abin da Turai ta gaji da shi ya sauka a Kwatano.

Yanzu dai ya ɗora mini aiki. Fitilar baya ta hagu ta Fijon nan ta ɗan tsage, kuma ya nace ta asali yake so. Duk wanda ke da hanya a Panteka ya taimaka ya duba mini, a ɗauko hoto gaba da baya tukuna kafin a yi maganar kuɗi, don mutumin nan har lambar da ke jikin gilashin sai ya karanta.