Akwatin da aka kawo ajinmu a Birmingham

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya aiki, ya yara da mai gidan? A gaida Hajiya ƙwarai, a ce mata yajin da ta aiko ya iso. Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi da kewar gida.

Kin tambaye ni a waya da me malaman nan suke koyar da adabi, na ce ki bari in zauna in rubuto, don ba maganar tsaye ba ce. Wata tara ke nan ina aikin mataimakiyar malama a wata sakandare a nan Birmingham ta Ingila, ga kuma 'yarki tana shirin jarrabawar GCSE, wadda suke yi suna da shekara 16, kamar dai WAEC ɗinmu. Don haka ina ganin abin a aji, ina kuma ganinsa a kan teburin gidana.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne littafi. Kowane yaro da nasa a hannu. Na tuna ajinmu na Tudun Wada, inda yara biyar ko shida ke cusa kai a kan kwafi ɗaya mai yagaggen bango, na ƙarshen benci kuma sai dai ya bi da kunne. Na 'yarki duk ta cika gefensa da rubutu da fensir, ta ja layi da kala uku. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da littafin, sai abin da yaro ya riƙe a ka, shi ya sa suke tattaka shi haka. Akwai majigi a kowane aji, akwai injin fotokwafi da malama za ta buga takarda talatin ba tare da ta taɓa jakarta ba, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Waɗannan duk kuɗi ne, kin san su, ba sai na ja ba.

Abin da nake son ki ji da kyau shi ne yadda suke ɗaure littafi da zamaninsa. A jarrabawarsu akwai makin da aka ware don wannan kawai: yaro ya nuna ya san halin da ƙasa take ciki lokacin da aka rubuta littafin. Da za a fara wasan Macbeth na Shakespeare, malamar ba ta buɗe shafin farko ba sai da ta ci darasi biyu a kan Sarki James. Ta nuna musu yadda ya taso daga Sikotilan ya hau gadon Ingila a 1603, yadda wasu suka jibge albarushi a ƙarƙashin majalisa don su hallaka shi a 1605, da yadda shi da kansa ya rubuta littafi a kan mayu saboda tsananin yarda da su. Da yara suka zo kan mayun nan uku da kisan sarki a cikin wasan, ba wanda ya tambayi dalili. Sun riga sun san wa ake wa kiɗan.

Sai ranar akwatin. Lokacin suna karanta A Christmas Carol, labarin marowacin nan da Charles Dickens ya rubuta, wanda ya fito a 1843. Gidajen tarihi a nan suna ba makarantu aron akwati cike da kayan zamanin da ake karantawa, makaranta ta biya ɗan kuɗi, a mayar bayan an gama. Ni aka sa na buɗe shi. Akwai allon dutse na 'yan makarantar da, akwai takalmin katako na ƙaramin yaro, akwai guntun tsohuwar igiyar jirgin ruwa mai tauri. Malamar ta ce kowa ya gwada warware igiyar da yatsu, domin aikin da ake ba matalauta ke nan a gidajen da ake tsare su ƙarƙashin dokar 1834, kafin a ba su abinci. Wani yaro da bai taɓa natsuwa a aji ba ya yi ta fama, minti biyar bai fitar da zare mai kirki ba, yatsunsa sun yi ja. Ya ɗago ya tambaya ko har yara ake sa wa. Aka ce masa har yara, kuma shi kansa marubucin yana ɗan shekara 12 aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi, lokacin da aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi. Wallahi Yaya, ajin ya yi tsit. Na koyar shekara goma sha ɗaya a gida, ban taɓa sa wa ɗalibi wani abu na tarihi a tafin hannu ba, kuma ranar abin ya yi mini ciwo.

A bas ina komawa gida na yi ta lissafi. Sau nawa muka koyar da Gandoki, muka tsaya a kan jigo da salo da warwarar tauraro, ba mu zana ko taswira ɗaya a allo ba? Alhali littafin tsaye yake a kan yaƙin zuwan Turawa. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yulin shekarar. Wanda ya rubuta shi, Bello Kagara, yayan Abubakar Imam ne, kuma littafin ya fito ne daga gasar da Rupert East, Baturen hukumar fassara, ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Ke nan shekara talatin kacal tsakanin yaƙin da rubutun, waɗanda suka ga abin da idonsu suna raye. Yaro in ya san wannan, karatunsa zai sake. Haka Shaihu Umar: yaya ɗalibi zai ji nauyin uwar da ta bi sawun ɗanta ta keta Sahara, in ba a nuna masa hanyar ayari daga Kano zuwa Murzuk ta ƙasar Libiya ba, ba a gaya masa yadda cinikin bayi ya gudana ba?

Kuma mu 'yan Kaduna ba mu da uzuri irin na wasu. Makarantar nan sai ta yi hayar bas, iyaye su sa hannu a takarda su biya, kafin a kai yara Stratford su ga gidan da aka haifi Shakespeare a 1564. Mu kuwa Gidan Arewa yana nan a titin Rabah, gidan Sardauna ne kansa, da hotuna da takardu da ɗakin karatu. Ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a cikin gari, cike da rahotannin Razdan da Di'o. Ga zauren Lugard, ga gadar ƙarfen da aka ciro daga Zungeru aka kafa a Gamji. Zariya, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, tafiyar awa ɗaya ce da 'yan kai. Ranar da za ki koyar da waƙar Sa'adu Zungur ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, keke Napep ya isa ya kai yara ƙofar zauren da majalisar Arewa ta zauna. Kayan akwatinmu suna nan a warwatse, wanda zai tattara su ne babu.

Kada ki ɗauka komai nasu zuma ne. Akwai ƙananan littattafan bita da ake sayarwa a shaguna, ga shafin BBC Bitesize kyauta a intanet, sun taƙaita kowane littafi har sun tauna wa yaro. Na ga ɗalibai da suka haddace shekarun tarihi guda huɗu ko biyar suna liƙa su a kowace amsa, ko ta dace ko ba ta dace ba, kuma ba su karanta littafin har ƙarshe ba. 'Yarki ma ta so ta bi wannan hanya, na karɓe na bitar na ce sai ta gama na asali. Katin laburare kyauta ne, babban ɗakin karatun birnin da Malala ta buɗe a 2013 abin kallo ne, amma ƙananan na unguwa ba kullum suke buɗewa ba saboda ƙarancin kuɗi. Sannan waƙa a nan karanta ta ake yi a bushe, kamar sanarwa. Duk lokacin da na ji haka sai in tuna yadda kike rera baiti da rauji, aji duka ya amsa har na makwabta su leƙo ta taga. Wannan ba su da shi. Ba su kuma da kaka a gida da za ta ba da labarin zamanin En'e daga bakinta, irin yadda Hajiya ke ba mu.

Ga roƙona. Na sayi ƙaramin injin lulluɓe takarda da roba, da robobinsa guda ɗari, zan ba mai tahowa gida da hutun ƙarshen shekara ya kawo miki. Ba ya cin wuta sosai, ƙaramin janareta zai ja shi. Ki daure ki je Gidan Arewa ki tambaya ko za su yarda a ɗauki hoton wasu takardu da hotuna, ko shafin tsohuwar jarida guda. Ki nemi kuɗin wuri 'yan kaɗan a wajen masu kayan gargajiya, da tsohon kwabo mai huda, da gammo da salka in an samu, da taswirar da za ki zana hanyar ayari a kai. Tsohuwar adakar Hajiya da ke ƙarƙashin gado za ta ɗauke su duka, in ta yarda ta ba mu. Kuɗin mota da na buga hotuna ni zan turo.

In kin kai ta aji, ki sa wani ya ɗauko mini hoton yaran lokacin da ake buɗewa. Ina so in nuna wa malamar da nake aiki da ita, don ta tambaye ni ko muna da littattafai da harshenmu, na ce mata tun kafin boko muna rubutu da ajami, ta ce tana son gani. Ki haɗo mini da kwafin Gandoki guda, nawa na bar shi a gida.

Ƙanwarki.